Hull KR ko Warrington: Wa Ya Fi Kusa da Kofin Wembley?

Ranar Asabar 7 ga watan Yunin 2025, da ƙarfe uku na rana agogon Landan, wanda a wannan lokaci na shekara yake daidai da agogon Nijeriya da Nijar, ƙungiyoyi biyu daga arewacin Ingila za su shiga filin Wembley domin buga wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na zari-ruga. Ɗaya ita ce Hull Kingston Rovers, wadda aka fi sani da Hull KR, ɗayar kuma Warrington Wolves. Tun da aka kammala wasannin kusa da na ƙarshe a watan Mayu, ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masu bin wasan shi ne Hull KR ce za ta ɗauki kofin. Ni ma ita nake sa wa a gaba. Inda na rabu da jama'a shi ne a kan faɗin tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu, da kuma hujjojin da ake kawowa, domin mafi yawan abin da nake ji daga ɓangarorin biyu ba ya taɓa inda gizo ke saƙar.

Da yake wannan wasa bai samu gindin zama a ƙasarmu ba, ya kyautu in yi wa mai karatu ɗan bayani kafin in shiga gardama. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, wanda Afirka ta Kudu ke riƙe da kofin duniyarsa, akwai kuma na 'yan wasa 13, wanda shi ne abin maganarmu. Asalinsu ɗaya. Sun rabu ne a ranar 29 ga Agustan 1895, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle bayan wani taro a otal ɗin George da ke Huddersfield. Sanadin rabuwar kuɗi ne. 'Yan wasan arewa ma'aikatan masaƙu ne da mahaƙan kwal da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, waɗanda ake yanke wa lada duk ranar da suka bar aiki suka tafi wasa, su kuwa shugabannin wasan da ke Landan, masu hannu da shuni, suka haramta a biya su diyyar wannan asara. Shi ya sa har yau wasan 'yan 13 yake na garuruwan ma'aikata irin su Wigan da St Helens da Castleford da Hull, garuruwan da sau da yawa ƙungiyar zari-ruga ce babban abin da suke tutiya da shi. An fara gasar Kofin Ƙalubale a kakar 1896 zuwa 1897, aka kuma fara kai wasan ƙarshenta Wembley a 1929.

Ƙa'idar wasan a taƙaice: minti 80 ake bugawa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida, daga nan ƙwallon ya koma hannun abokan hamayya, don haka yawanci bayan kayarwa ta biyar sai a buga shi da ƙafa can nesa, domin abokan karawa su faro daga kusa da gidansu. Wanda ya tsallake layin abokan hamayya ya dangwala ƙwallon a ƙasa ya samu maki 4. Bayan kowane dangwale akwai bugun ƙari tsakanin sanduna biyu, mai maki 2, kuma ana yin sa ne daga saitin inda aka dangwala, wato idan a gefen fili aka dangwala, bugun ya yi wuya ƙwarai. Bugun fanareti maki 2 ne. Sai kuma wani bugu da ake yi ana tsakiyar wasa, a saki ƙwallon ya taɓa ƙasa a tare shi da ƙafa, wanda ke ba da maki 1 tak. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan buge-buge uku a ransa, domin a kansu maganata za ta tsaya.

Hujjar masu goyon bayan Hull KR a fili take, ba ta buƙatar ado. A farkon Yunin 2025 ita ce a saman teburin gasar Super League, kuma tun farkon kakar sau ɗaya kacal aka doke ta, Wigan ce ta yi hakan a watan Afrilu. A hanyarta ta zuwa Wembley ta bi maƙwabciyarta kuma babbar abokiyar gabarta Hull FC har gida ta fitar da ita, sannan ta lallasa Catalans Dragons ta Faransa da maki 36 da 12 a birnin York. A cikin watan Mayu ta je filin Warrington ɗin kanta a wasan lig ta yi nasara da tazara mai faɗi. Tana da Mikey Lewis, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Super League na 2024. Warrington kuwa a lokacin tana tsakiyar tebur, yau ta ci gobe a ci ta, ga jinya ta yi mata katutu: ɗan wasanta na gefe mai gudun tsiya Matty Ashton ya ji rauni a gwiwa, ya gama kakar bana, Danny Walker ma yana jinya, kyaftin ɗinta George Williams kuwa tun Afrilu aka yi masa tiyata a idon sahu. Wanda ya dubi waɗannan ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ba zan ce ya yi wauta ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu da suke yawan maimaitawa, kuma duka biyun ban gamsu da su ba.

Ta farko ita ce wai Hull KR ba ta iya wasan ƙarshe. Tarihin da suke karantowa gaskiya ne. Kafin 2025, sau ɗaya tak ta taɓa ɗaukar wannan kofi, a 1980, lokacin da ta doke Hull FC da maki 10 da 5, ranar da kyaftin ɗinta Roger Millward ya ci gaba da wasa da karyayyen muƙamuƙi. Zuwa farkon Yunin 2025, rabonta da wani babban kofi kowane iri tun 1985, shekara arba'in ke nan cif. Bayan 1980 ta koma Wembley a 1981 da 1986 da 2015 da 2023, duk ta dawo hannu rabbana. Na 2015 ne ya fi muni, inda Leeds ta yi mata 50 da nema, tazarar da ba a taɓa gani ba a tarihin wasan ƙarshen gasar, Tom Briscoe shi kaɗai ya dangwala sau biyar. A watan Oktoban bara ma ta kai wasan ƙarshe na Super League a Old Trafford, Wigan ta doke ta 9 da 2. Har akwai masu tuna mana cewa a 1905 waɗannan ƙungiyoyi biyu ne suka buga wasan ƙarshe, Warrington ta ci 6 da nema. To, amma ina ruwan Lewis da abin da ya faru a 1905, ko ma a 1986, shekara 15 kafin a haife shi? Ƙungiya suna ce da riga da magoya baya. 'Yan wasan da ke cikin rigar canzawa suke yi. Daga cikin wannan dogon jeri, wasanni biyu ne kawai suka shafi mutanen da za su shiga fili ranar Asabar, na 2023 da na 2024, dukkansu a ƙarƙashin koci Willie Peters ɗan ƙasar Ostireliya. Su ma ana iya karanta su ta fuska biyu. Wani ya ce tabo ne da zai sa gaban 'yan wasa ya faɗi, wani ya ce makaranta ce da suka riga suka biya kuɗinta. Babu wanda ke da ma'aunin da zai raba wannan gardama, kuma hujjar da ke iya tsayawa a kowane ɓangare ba ta amfanar kowa.

Ta biyu ita ce labarin Sheffield Eagles. Duk shekara sai an tono shi. A 1998 Wigan, wadda ta ɗauki wannan kofi sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, ta haɗu da Sheffield, ƙaramar ƙungiyar da ba ta taɓa zuwa Wembley ba, sai ga shi Sheffield ta yi nasara da maki 17 da 8. Labari ne mai daɗin ji. Sai dai dalilin da ya sa ake ta maimaita shi bayan shekara 27 shi ne irinsa ba ya yawan faruwa. Ɗalibaina sun san yadda nake tsanar wannan salon kafa hujja a rubutun bincike, inda mutum zai ɗauko abin da ya faru sau ɗaya ya mayar da shi ƙa'ida don kawai ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Bugu da ƙari, kwatanta Warrington da Sheffield raini ne ga Warrington. Ƙungiya ce da ta ɗauki wannan kofi sau tara, kuma wannan ne zuwanta na takwas wasan ƙarshe tun daga 2009. A cikin bakwai da suka gabata ta ci huɗu. Idan ana neman misalin da ya dace da ita, nata na 2019 ya wadatar, shekarar da St Helens ta yi wa kowa fintinkau a lig, amma Warrington ta tare ta a Wembley ta doke ta 18 da 4. Wannan ƙungiya ce mai wata irin ɗabi'a: rabonta da zama zakaran lig tun 1955, ta kai wasan ƙarshe na Super League sau huɗu duk ta faɗi, amma wasan kofi na sili-ɗaya-ƙwale ya karɓe ta.

Hujjar da ya kamata magoya bayan Warrington su riƙe, wadda ita ce ke hana ni sakin jiki da hasashena, tana cikin alƙaluman wasannin ƙarshe na baya-bayan nan. Daga 2016 zuwa 2024 an buga wasan ƙarshe tara. A shida daga ciki, tazarar ba ta wuce maki 6 ba, wato dangwale ɗaya da bugun ƙarinsa: 12 da 10 a 2016, 18 da 14 a 2017, 20 da 14 a 2018, 17 da 16 a 2020, 16 da 14 a 2022, sai kuma 17 da 16 a 2023. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A wasan lig ƙungiya kan yi kasada, ta riƙa wurga ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, domin idan ta faɗi yau akwai mako mai zuwa. A wasan ƙarshe kowa tsoron kuskure yake yi. Sai wasan ya tsuke, a koma turereniya a tsakiyar fili, a karɓi maki biyun fanareti a inda da an ƙi shi an nemi huɗu. Teburin lig yana auna abin da ƙungiya ke iya yi a zagaye 27, inda sa'a da rashinta ke cinye juna. Minti 80 na tsukakken wasa ba su isa su cinye komai ba. Ƙwallon da ya yi tsalle ta gefen da ba a zata ba, ko hukuncin alƙalin bidiyo guda ɗaya, na iya rinjayar fifikon da aka yi wata huɗu ana ginawa. Kuma idan wasa ya tsuke haka, ƙafa ce ke yanke hukunci. A 2022 Wigan da Huddersfield kowacce ta dangwala sau uku. Abin da ya raba su shi ne mai bugun Huddersfield ya ɓarar da mafi yawan damarsa. A 2020 bugun maki ɗaya na Luke Gale ne ya ba Leeds kofi. Tsofaffin masu kallo har yau suna tuna 1968, lokacin da Don Fox na Wakefield, wanda an riga an zaɓe shi gwarzon wasan, ya kuskure bugun ƙari a gaban sanduna a daƙiƙar ƙarshe, a filin da ruwan sama ya mayar fadama, Leeds ta tsira da 11 da 10.

A nan ne tarihin Hull KR ke da abin faɗa, idan an karanta shi da idon basira maimakon a mayar da shi camfi. A 1986 Castleford ta doke ta 15 da 14, bayan John Dorahy ya kuskure bugun ƙari daga gefen fili ana dab da tashi. A 2016, a wasan da ya yanke wanda zai faɗa rukuni na ƙasa, tana gaban Salford da 18 da 10 saura minti biyu, Salford ta farke, sannan Gareth O'Brien ya yi bugun maki ɗaya daga nesa a ƙarin lokaci, Hull KR ta faɗi daga Super League. A 2023 a Wembley an tashi 16 da 16 da Leigh, aka shiga lokacin raba-gardama inda wanda ya fara samun maki ya ci, Lachlan Lam ya buga maki ɗaya, shi ke nan. Ban kawo waɗannan don in ce akwai wani baki da ke bin ƙungiyar ba. Na kawo su ne domin su nuna irin ƙofar da ake bi a kayar da ƙungiya a irin wannan rana, kuma abin takaici ga magoya bayanta, bana ma ƙofar a buɗe take. Hull KR ta ɗauko Rhyse Martin daga Leeds, ƙwararren mai bugu, sai ya ji rauni a cinya tun farkon kaka. Ta ɗauko Arthur Mourgue daga Catalans, shi ma mai bugu ne, amma da yake ya riga ya buga wa tsohuwar ƙungiyarsa wasa a gasar kofin ta bana, doka ta hana shi shiga fili ranar Asabar. Nauyin zai koma kan Lewis. Lewis gwani ne wajen ruga da ƙwallo da yaudarar masu tsaro, amma bugun sanduna aiki ne da aka ɗora masa don babu yadda za a yi.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Marc Sneyd. Warrington ta sayo shi daga Salford a watan Maris, lokacin da matsalar kuɗi ta tilasta wa Salford rabuwa da 'yan wasanta. Ba shi da gudu, ba ya kuma daga cikin masu ƙarfin kayarwa, shekarunsa 34 a 2025. Abin da yake da shi ƙafar hagu ce da babu kamarta a gasar. Sau biyu a jere, 2016 da 2017, aka ba shi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe, kuma a lokacin rigar Hull FC yake sawa, wato ƙungiyar da magoya bayan Hull KR suka fi ƙi a duniya. Wasan 2016 ya cancanci a dakata a kansa, domin Warrington ce ta sha kashi a ranar. Tana gaba da 10 da nema, saura kimanin minti ashirin, sai Sneyd ya yi wani bugu da ake kira arba'in-ashirin: mutum ya buga ƙwallon daga cikin mita 40 na gidansa, ya yi tsalle a fili ya fita ta gefe a cikin mita 20 na abokan hamayya, sai a bar wa ƙungiyarsa ƙwallon a can. Daga wannan bugu wasan ya juya, Hull FC ta ci 12 da 10. Ben Currie, wanda aka ƙwace wa ƙwallo a bakin layi a mintunan ƙarshe na wannan wasa, yana nan a Warrington har yau, kuma yanzu shi da Sneyd riga ɗaya suke sawa. Idan ranar Asabar aka wayi gari da ruwan sama a Landan, abin da ba baƙo ba ne ko a watan Yuni, ƙwallo zai yi santsi, wurge-wurgen da Hull KR ke taƙama da su za su ragu, darajar ƙafar Sneyd kuma ta ninka.

Sai kocin Warrington, Sam Burgess. Mutanen Ingila suna son labarinsa: a wasan ƙarshe na gasar Ostireliya na 2014 ƙashin kumatunsa ya karye a karon farko na wasan, ya ƙi fita, ya buga minti 80, ƙungiyarsa South Sydney ta ɗauki kofin da ta yi shekara 43 tana nema. Ana cewa irin wannan zuciya za ta shiga 'yan wasansa. Ni ban cika ba wa irin wannan magana nauyi ba. Jarumtar koci a zamanin da yake wasa ba ta kayar da kowa a fili, kuma bara da ya kai Warrington Wembley a shekararsa ta farko, Wigan ta doke su 18 da 8 ba tare da sun nuna wani abin a zo a gani ba. Abin da na fi dubawa shi ne yadda ya bi da wasannin kofin bana, inda ya fitar da St Helens sannan ya fitar da Leigh da 21 da 14. Duka biyun ƙungiyoyi ne da ke samansa a tebur. Wannan ya nuna ya san yadda ake tsara wasa guda ɗaya a kan abokin hamayya guda ɗaya, kuma abin da wasan ƙarshe ke nema ke nan.

To me ya sa duk da haka nake sa Hull KR a gaba? Domin ƙafa ba ta aiki ita kaɗai. Kafin mai bugu ya yi tasiri, sai manyan 'yan wasan gaba sun tura masa ƙwallo zuwa inda bugunsa zai yi ciwo, sun kuma sama masa daƙiƙa ɗaya ko biyu na sarari. Idan ana danne ƙungiyarsa a cikin mita 30 na gidanta, bugun Sneyd zai zama na neman tsira, ya buga a kama a dawo masa da shi. Kuma a wannan fage na turereniya ne Hull KR ta fi kowa bana. Mutane suna ganin rawar Lewis suna tafi, amma abin da ya kai ƙungiyar saman tebur tsaronta ne da saurin da take taso wa mai ƙwallo. Peters ya dubi abin da ya rasa a wasannin ƙarshe biyu da ya faɗi, ya je ya ɗauko dattawan da suka san hanya. Jared Waerea-Hargreaves ɗan Niyu Zilan, mai shekara 36 a 2025, ya ɗauki gasar Ostireliya sau uku da Sydney Roosters, a 2013 da 2018 da 2019, kuma ya riga ya sanar cewa a 2025 zai yi ritaya. Michael McIlorum ya ɗauki wannan kofi da Wigan, ya kuma ɗauke shi da Catalans a 2018, a kan Warrington ɗin nan. Yana fama da rauni a dantse, amma ko rabin wasa ya samu ya buga, amfaninsa zai bayyana. Ga kyaftin Elliot Minchella da Dean Hadley, waɗanda aikinsu ba ya fitowa a hotunan jarida. A 2025 Warrington tana da Paul Vaughan da Luke Yates da za su iya ja da su na minti hamsin ko sittin. Shakkata tana kan minti ashirin na ƙarshe, lokacin da ake komawa ga 'yan benci, kuma a nan ne jinyar da ta yi wa Warrington yawa za ta nuna kanta. Shi kansa Williams, ko da ya shiga fili, mutumin da ya yi makonni bai buga wasa ba zai fuskanci ƙattin da za su riƙa neman sa da gangan, su tilasta masa kayarwa har ƙafar ta gaji.

Idan aka ce in sa lamba, kuma wannan ƙiyasina ne ni kaɗai, zan ce da za a buga wasan nan sau goma, Hull KR za ta ci shida, wataƙila bakwai idan fili a bushe yake. Mutane da yawa idan suka ji an ce ƙungiya kaza ce ake kyautata wa zato, sai su ɗauka an ce ta ci. Shida cikin goma na nufin sau huɗu Warrington ce za ta hau matakalar Wembley ta karɓi kofi, kuma idan hakan ta faru ranar Asabar, babu wanda ya isa ya kira shi abin al'ajabi ko ya haɗa shi da na Sheffield.

Nauyin da ke kan ƙungiyoyin biyu ma ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne abin da ba na iya sa wa lamba. Idan Warrington ta faɗi, za a ce jinya ce, Burgess zai sha tambayoyi domin kakar tasa ba ta da wani abin nunawa in ba wannan kofi ba, amma garin ya ga kofi a 2019. Hull daban take. Kogin da birnin ya samo sunansa ya raba shi biyu, yamma ta Hull FC ce mai baƙi da fari, gabas ta Hull KR ce mai ja da fari, kuma a shekarun da na yi karatu a arewacin Ingila na ga yadda wannan rabuwa ke shiga har cikin gida ɗaya. Birni ne da ya rayu a kan kamun kifi da tashar jiragen ruwa, sana'ar kifin ta durƙushe a shekarun 1970. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa bai wuce Clive Sullivan ba, baƙar fata ɗan yankin Wales wanda ya buga wa ƙungiyoyin biyu, ya jagoranci Birtaniya ta ɗauki kofin duniya a 1972, yana kuma cikin tawagar Hull KR ta 1980. Babbar hanyar shiga birnin sunansa take ɗauke da shi. Zuwa farkon Yunin 2025, a gabashin Hull akwai magidanta masu shekara arba'in da 'ya'yansu, waɗanda ba su taɓa ganin ƙungiyarsu ta ɗaga babban kofi ba, alhali sun ga maƙwabtansu na yamma sun ɗaga wannan kofi a 2005 da 2016 da 2017. A 2020 ƙungiyar ce ta ƙarshe a tebur. Yanzu ta kai wasan ƙarshe na uku cikin shekara uku. Faɗuwa ta uku a jere za ta sa a fara tambayar ko wannan tawaga, duk da kyanta, an gina ta ne don lig kawai, kuma irin wannan tambaya idan ta shiga ɗakin sauya kaya tana da wuyar fita.

Ga wanda zai samu damar kallo, ga abin da zan sa wa ido. Kada a bi ƙwallo kawai. A duba inda kowace ƙungiya take tsaye a lokacin da aka kayar da ita karo na biyar. Idan Sneyd yana yin bugunsa daga tsakiyar fili ko gaba da haka, yana ajiye ƙwallon a kusurwa yana tilasta wa Jack Broadbent da 'yan gefen Hull KR su faro daga bakin layinsu, to Warrington ta samu wasan da take so. Idan kuwa daga cikin gidansa yake bugawa da gaggawa, ana rufe shi kafin ya ɗaga kai, Hull KR za ta yi nisa kafin a kai minti sittin. A kuma lura da inda Hull KR ke dangwalawa. Ƙarfinta yana gefe, wurin Joe Burgess da Tom Davies, kuma duk dangwalen da aka yi a gefe yana barin Lewis da bugu mai wuya. Tana iya dangwalawa sau uku ta tashi da maki 12, Warrington ta dangwala sau biyu, ta haɗa da bugun ƙari biyu da fanareti ɗaya, ta tashi da 14.

Hasashena shi ne Hull KR za ta ɗauki kofin, da tazarar da ba za ta wuce maki shida ba, kuma har a shiga minti goma na ƙarshe magoya bayanta ba za su samu zama a kan kujerunsu ba.